Cefane a lokacin dokar kulle: wa ke iya tanadin abincin mako biyu?

A daren Lahadi, 29 ga Maris 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi wa 'yan Najeriya jawabi, inda ya sanar da cewa daga ƙarfe 11 na daren Litinin za a hana zirga-zirga a Legas da Ogun da Abuja har tsawon kwana 14, domin daƙile annobar korona wadda aka fara ganowa a ƙasar a ƙarshen watan Fabrairu. Yini guda ne kawai tsakanin sanarwar da fara aikin dokar a Legas da Abuja, kuma a cikin wannan yinin ake sa ran kowane magidanci ya haɗa abin da iyalinsa za su ci na mako biyu. Kaduna ta riga ta shiga nata kullen kwanaki kaɗan kafin nan, Kano kuwa ta bi sahu a daren 16 ga Afrilu, bayan gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ba jama'a kwana biyu su shirya. Shawarar da aka yi ta nanatawa a rediyo da talabijin ita ce a sayi abinci a ajiye, a zauna a gida. Ta fuskar likitanci babu laifi a cikinta, sai dai wanda ya ba da ita ya ɗauka cewa mai sauraronsa yana da kuɗi a ajiye, yana da wurin ajiyar kaya, kuma yana da wuta da ruwa a cikin gida. Gidajen da suka haɗa waɗannan abubuwa uku a biranenmu ba su ne mafi rinjaye ba, kuma daga nan kusan duk wahalar cefanen wancan lokaci ta samo asali.

Kafin kulle ya iso nan, duniya ta ga hotunan manyan kantuna a Ingila da Amurka da Ostareliya an kwashe kayansu tas, har ana kokawa a kan takardar bayan gida da taliya. Abin da ya faru can ba ƙarancin abinci ba ne. Manyan kantunan Turai ba sa tara kaya a sito, suna karɓar daidai abin da za su sayar a cikin kwanaki kaɗan ne, don haka da zarar kowane gida ya ƙara ɗan wani abu a kan abin da ya saba saye, sai kanta ta zama fanko kafin motar gobe ta iso. Wanda ya ga kanta babu kaya kuwa, ko da mai natsuwa ne, hankali zai ba shi cewa ya ninka sayensa idan ya samu dama, domin bai san abin da maƙwabcinsa zai bar masa ba. Shi ya sa rububin saye yake ciyar da kansa, kuma shi ya sa kantuna irin su Tesco suka ƙayyade adadin abin da mutum ɗaya zai ɗauka daga kowane nau'in kaya. A daidai wannan lokaci manoma a Amurka suna zubar da madara saboda makarantu da gidajen abinci da suka saba saye sun rufe. Abinci yana nan, hanyar da yake bi ce ta toshe.

A Kano da Kaduna da Legas lamarin ya sha bamban. Hatsi bai yanke a Dawanau ba, shagunan Kasuwar Singa ma ba su rasa sukari da taliya da man girki ba. Abin da ya yanke shi ne kuɗin saye. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na shekarar 2019 ya nuna cewa kashi 40.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya, wato mutum miliyan 82.9, suna cikin talauci, kuma kusan kashi 57 cikin ɗari na duk abin da gidaje ke kashewa yana tafiya ne a kan abinci. Binciken da hukumar ta yi ta wayar tarho a watannin Afrilu da Mayu na 2020 ya gano cewa kashi 42 cikin ɗari na waɗanda ke da aiki kafin annobar sun daina aiki. Ɗan dako da mai tura baro da direban Adaidaita Sahu da birkila da mai wankin hula duk hannu baka hannu ƙwarya suke, sai sun fita suke samo kuɗin cefanen ranar, saboda haka dokar da ta hana su fita ta rufe musu kasuwa ta fuska biyu, ta hana su sayar da ƙarfinsu, ta kuma hana su sayen abinci.

Yana da kyau a yi lissafin abin da ake nufi da tanadin mako biyu, domin a baki abu ne mai sauƙi. Hukumomin agaji, idan za su ciyar da mutumin da ba shi da wata hanyar samun abinci, sukan ware masa kimanin giram 400 na hatsi a rana, ban da wake da mai da gishiri. Gida mai mutum 8, wanda ba babban gida ba ne a Arewa, yana buƙatar kusan kilo 45 na hatsi a kwana 14, wato kusan rabin babban buhu, ko kwano 18 a awon Kano. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2019 naira 30,000 ne, kuma buhun shinkafa mai kilo 50 kaɗai ya kan cinye fiye da rabinsa a wancan lokaci. Wannan lissafin mai albashi ke nan, wanda aƙalla ya san ranar da kuɗinsa za su shigo. Wanda ke awo kullum da gwangwani ko rabin kwano, yana ƙulla manja da magi na naira hamsin, ba rashin tunanin gobe ne ya sa shi yin hakan ba. Ya san cewa sayen buhu ya fi araha, abin da ya rasa shi ne dunƙulallen kuɗin da zai sayi buhun. A ranakun lafiya mai shagon unguwa ne ke cike wannan giɓi da bashi, yana rubutawa a littafi har zuwa ƙarshen mako, to amma a lokacin kulle shi ma mai shagon dillalinsa ya daina ba shi kaya sai da kuɗi hannu, don haka littafin bashi ya rufe a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

Ko da kuɗin sun samu, akwai abubuwan da ba sa ajiyuwa. Watan Afrilu tsakiyar bazara ne, zafi a Kano yana haura digiri 40, kuma tumatir da tattasai da alayyafo da nama ba sa wuce kwana biyu ko uku idan babu sanyi. A gidan da wutar lantarki ke zuwa sa'o'i kaɗan, ko ma babu firji gaba ɗaya, kasuwa ita ce firjin gidan, a can kayan miya suke kwana, a je a ɗebo na yau, gobe a koma. Haka ruwa yake. Ƙa'idar hukumomin agaji ita ce aƙalla lita 15 ga mutum ɗaya a rana don sha da girki da tsafta, wanda ga gida mai mutum 8 ya kama lita 120, kusan jarka 5 a kullum, kuma a unguwanni da yawa ɗan garuwa ne ke kawo su a kura. An umarci jama'a su yawaita wanke hannu a lokacin da mai kawo ruwan ke tsoron fitowa kan titi. Ga kuma niƙa, domin masara da dawa da gero ba sa zama tuwo sai sun bi ta inji, ga itace ko gawayi ko kananzir ko iskar gas. Matar da ke riƙe da tukunya ta san cewa buhun masara a ɗaki ba abinci ba ne tukuna, amma da wuya a ce an tambaye ta kafin a tsara dokar.

Da gwamnatoci suka ga yunwa na neman fin cutar barazana, sai suka fito da tsarin ranakun sassauci. A Kano, bayan gwamnatin tarayya ta ƙaƙaba wa jihar kulle na mako biyu a ranar 27 ga Afrilu sakamakon yawan mace-macen da aka yi ta samu a birnin, gwamnatin jiha ta ware Litinin da Alhamis, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, domin a fita cefane, kuma kasuwannin da aka yarda su buɗe ƙalilan ne, irin su 'Yan Kaba da 'Yan Lemo. A nan ne, a ganina, aka yi kuskure mafi girma. Cefanen da miliyoyin mutane suka saba yi a cikin kwana bakwai, a ɗaruruwan wurare, daga asuba har dare, an tattara shi a cikin sa'a 12 a mako da wurare 'yan kaɗan. Sakamakon shi ne cinkoson da ko a jajibirin salla ba a cika ganin irinsa ba, a bakin kasuwa da bakin banki da wurin na'urar cirar kuɗi. Kuma duk wannan ya faɗo a cikin Ramadan, wanda ya kama a ranar 24 ga Afrilu, lokacin da buƙatar sukari da gero da wake da dankali da kayan marmari ke ƙaruwa a kowane gida.

Muhimmancin wannan yana bayyana ne idan aka dubi yadda cutar ke yaɗuwa. A farkon annobar mutane da yawa sun fi jin tsoron kayan da suka sayo, har wasu na wanke leda da kwali da sabulu, wasu na barin kaya a waje su kwana. Daga baya hukumomin lafiya, ciki har da Hukumar Lafiya ta Duniya, sun bayyana cewa babu hujjar da ke nuna ana kamuwa da korona ta hanyar abinci ko mazubinsa, kuma haɗarin kamuwa ta taɓa kaya kaɗan ne idan aka kwatanta da shaƙar numfashin mai ɗauke da ita a kusa, musamman a wurin da iska ba ta kewayawa. Ma'ana, haɗarin cefane yana cikin taron da ake shiga, da tsawon lokacin da ake ɗauka a cikinsa. Kasuwarmu ta fili, wadda iska ke ratsawa, da an bar ta a buɗe tsawon yini tare da rage cunkoso, da ta fi rufaffen kanti aminci. Gwamnatin Kaduna ta ɗan kusanci wannan fahimta da ta buɗe kasuwannin wucin gadi a filayen makarantun unguwanni, domin rarraba masu saye da rage musu tafiya, duk da cewa ita ma ta taƙaita ranakun fita. Ghana kuwa, wadda ta rufe Accra da Kumasi a ranar 30 ga Maris, ta janye kullen bayan mako uku kacal.

Batun tashin farashi shi ne wanda aka fi saurin yanke wa hukunci, domin da kwano ya ƙara kuɗi sai a ce 'yan kasuwa ne marasa tausayi. Akwai masu wannan hali, babu shakka, amma ba su kaɗai ba ne. Tun watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin Najeriya na tudu, ba a buɗe su ba sai Disambar 2020, kuma hakan ya riga ya ɗaga farashin shinkafa tare da takura cinikin da ke tsakanin Kano da Katsina da Maraɗi. A watan Maris na 2020 farashin ɗanyen mai ya faɗi a duniya, Babban Bankin Najeriya ya sauya farashin dala na hukuma daga kusan naira 307 zuwa 360, wanda ya taɓa duk abin da ake shigowa da shi ko da kayan haɗinsa, kamar alkama da sukari da madara. A waje ma wasu ƙasashe sun yi irin abin da magidanci mai firgici ke yi, Biyetnam ta dakatar da fitar da shinkafa na ɗan lokaci, Rasha ta ƙayyade hatsin da za ta fitar. A cikin gida, dokar ta keɓe motocin abinci daga hanin zirga-zirga, amma direbobi sun yi ta kukan yawan shingayen bincike da na goro da ake karɓa a kowanne, kuma kowace sa'a da motar tumatir ta ɓata a hanyar Legas asara ce da za a ɗora wa mai saye. Shi ya sa aka ga abin mamaki, kayan gwari suna ruɓewa a hannun manomi saboda babu mai ɗauka, alhali a birni sun yi tsada. Kuma lokacin ya zo daidai da sa'ad da rumbuna ke fara yin ƙasa, manomi yana riƙe da ɗan abin da ya rage don iri da cin damina.

A nan ne tambayar da malamai suka daɗe da amsawa take shigowa, wato ina iyakar tanadi, ina farkon ɓoye kaya. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya bayyana cewa babu mai ɓoye abinci sai mai saɓo, yayin da Bukhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya kasance yana ajiye wa iyalinsa abincin shekara. Malaman fiƙihu sun haɗa ruwayoyin biyu da cewa abin da aka haramta shi ne sayen abinci a lokacin da jama'a ke cikin ƙunci a riƙe shi ana jiran ya ƙara tsada, ba abin da mutum ya noma ko ya saya lokacin yalwa domin gidansa ba. Sai dai sun kuma yi nuni da cewa idan gari ya shiga ƙunci, ko don gida mutum zai saya, bai kamata ya kwashi abin da zai takura sauran jama'a ba. Wannan sharaɗi shi ne ya shafi mai hali a lokacin kulle. Attajirin da ya cika sitonsa a watan Nuwamba, lokacin kaka, bai cutar da kowa ba, ya ma taimaki manomi. Wanda ya shiga kasuwa a jajibirin kulle ya sayi buhu 20 kuwa, ya ɗaga farashin kwanon da mai awo zai saya a bayansa, ko da niyyarsa ba ciniki ba ce. Bambancin yana ga lokacin saye da halin da gari ke ciki, fiye da yawan buhunan.

Ga wanda Allah ya hore wa abin tanadi, ilimin yin sa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Manomi yana zuba gero da dawa a rumbu da zangarniyarsu, dami dami, domin sun fi daɗewa a haka fiye da sussukakke, dabarar da ta zo a ƙissar Annabi Yusuf (AS). Matan gida kuma sun daɗe da sanin kayan miyar da ba sa neman firji, irin su kuka da busasshiyar kuɓewa da karkashi da daddawa da kauɗar tumatir da busasshen barkono da bandar kifi, waɗanda ake saye da araha lokacin da kayan lambu suka yi yawa a cikin rani. Gidan da ya riƙe wannan al'ada ya fi gidan da ya cika firiza da kaji samun kwanciyar hankali a 2020, domin firiza tana ƙarƙashin ikon wuta da man janareta. Hatsi ya fi gari jure ajiya, don haka a niƙa kaɗan kaɗan. A ɗora buhu a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango, a kuma fara cin tsohon kaya kafin sabo. Mai ciwon sukari ko hawan jini kuma maganinsa na wata guda yana cikin cefane, domin an ga yadda zuwa asibiti ya yi wuya a wancan lokaci.

Sai dai ajiya tana da nata haɗarin, wanda wani lokaci ya fi yunwar da ake gudu. Wake shi ne abin misali, domin ƙwari na iya cinye buhu a cikin 'yan watanni, kuma don gudun haka wasu ke zuba masa maganin ƙwari irin su Sniper, wanda guba ne da ba a yi shi don abinci ba. Saboda ragowar irin wannan sinadari Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya tun 2015, hukumar NAFDAC kuma ta sha gargaɗi a kansa. Hanyar da ba ta buƙatar guba ita ce hana iska shiga, ko dai da buhun PICS mai ninki uku wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, ko da jarka ko duro mai murfi da aka cika taf aka toshe, domin ƙwarin na mutuwa idan iskar da ke ciki ta ƙare. Sharaɗin shi ne hatsin ya bushe sosai kafin a rufe shi. Masara da gyaɗa da aka ajiye da danshi suna yin fumfuna mai haifar da gubar aflatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta.

Abin da ya rage shi ne tanadin hukuma, wanda shi ya kamata ya tsaya wa gidan da ba zai iya nasa ba. A watan Afrilu gwamnatin tarayya ta ba da umarnin fitar da tan 70,000 na hatsi daga rumbunan ajiyar ƙasa, ma'aikatar jinƙai ƙarƙashin Sadiya Umar Farouq kuma ta raba naira 20,000 ga wasu daga cikin gidajen da ke cikin rajistar masu ƙaramin ƙarfi. Tan 70,000 adadi ne mai cika baki, amma idan aka raba shi ga mutum miliyan 82.9 bai kai kilo ɗaya ga kowa ba, wato abincin kwana biyu. Rajistar kuma ta fi ƙunsar matalautan karkara, alhali waɗanda kulle ya fi karya wa tattali su ne masu neman na yau a birni, waɗanda sunayensu ba sa cikin kowane kundi. 'Yan kasuwa da bankuna sun kafa gamayyar CACOVID ƙarƙashin jagorancin Babban Banki da su Aliko Dangote, suka sayi abinci na biliyoyin naira don rabawa ta hannun jihohi, amma kayan sun makara. A ƙarshen Oktoba, bayan zanga-zangar EndSARS, jama'a suka fasa rumbunan ajiya a Legas da Osun da Kwara da Jos da Kaduna da wasu garuruwa, suka tarar da buhuna da katan-katan a jibge, watanni bayan an janye kulle. Gwamnoni sun musanta cewa ɓoyewa suka yi, suka ce wasu kayan ba su daɗe da isowa ba, wasu kuma an ajiye su ne don shirin zagaye na biyu na annobar. A lokacin farashin abinci bai daina hawa ba, domin hauhawarsa da ta kasance kashi 14.98 cikin ɗari a Maris 2020 ta kai 19.56 a Disamba, sannan ta kai 22.95 a Maris 2021.